An yi wa mahaifina aikin ƙaba: yaushe zai koma gona, kuma me ya kamata mu kiyaye a gida?

Ɗan Manomi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da ta duk wanda ya taɓa jinyar mutumin da aka yi wa aikin ƙaba. Mahaifina yana da shekara 63, manomi ne, kuma ya daɗe da ƙaba a matsematsinsa na dama. A da takan sauko ta koma da kanta idan ya kwanta, amma daga bara ta fara gangarowa har cikin maraina, sai ya sa hannu ya mayar da ita. Ranar Litinin da ta wuce aka yi masa aiki a babban asibitin garinmu da allurar baya, kuma likita ya shaida mana cewa ya sa masa raga a ciki domin toshe ramin da ƙabar take fitowa. Washegari aka sallame mu da magunguna, aka ce mu koma bayan kwana goma domin cire zare, aka kuma ja kunnensa kada ya ɗauki abu mai nauyi. Da yake marasa lafiya sun yi yawa a ranar, ba a samu sukunin yi mana dogon bayani ba.

Yanzu ra'ayi ya rabu biyu a gida. Mahaifiyata da Gwaggo sun tsaya a kan cewa kwanciya ce magani, ba sa barinsa ya fito ko tsakar gida, abinci da buta duk a ɗaki ake kai masa. Sun kuma hana shi ƙwai da nama da miyar gyaɗa, wai suna sa miki ya yi ruwa, kuma Gwaggo tana shirin fara gasa masa wurin da ruwan zafi kamar yadda ake yi wa mai jego. Shi kuwa Baba hankalinsa yana gona, domin damina ta ƙarato, ga taki ba a kai ba, kuma ya ce ranar da aka cire zare, a ranar zai hau babur ya je ya ga abin da ake ciki.

Akwai abubuwan da suka fi damuna. Marainansa sun kumbura, fatar wurin ta yi duhu kamar jini ya kwanta, ko da yake ya ce ba ya jin zafi mai tsanani. Tun da muka dawo, sau ɗaya ya yi bayan gida, shi ma da ƙyar, kuma masai ɗinmu na tsuguno ne. Yana da tarin asuba wanda ya daɗe da shi saboda sigari da ya sha shekaru masu yawa, kuma duk lokacin da ya yi tarin sai ya dafe wurin yana cije baki. Ina so in san abin da yake na al'ada a cikin waɗannan da abin da ya kamata ya mayar da mu asibiti, sannan yaushe ne zai iya wanka, ya hau babur, ya koma aikin gona. Allah ya saka da alheri.

Hajiya Nas:

Wa alaikumus salam. Sannu da jinya ɗana, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin maza na tiyata kafin in yi ritaya, kuma wannan rabuwar kai da ka faɗa, kusan kowane gida da ita yake komawa.

Ka lallashi su Mama su bar shi ya tashi. Doguwar kwanciya bayan aiki ba ta hanzarta warkewa, hasali ma ita ce ke tsayar da hanji, ta tara majina a ƙirji, ta kuma sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, wanda shi ne abin da muka fi tsoro ga mai shekarunsa. Tun daga yau ya riƙa fitowa yana zagaya tsakar gida a hankali, da safe da rana da yamma, gobe ya ƙara a kan na yau, har ya kai ga fita ƙofar gida da masallacin unguwa. Idan zai tashi daga gado, kada ya ɗago kai tsaye da ƙarfin cikinsa. Ya fara juyawa gefe, ya sauke ƙafafu ƙasa, sannan ya dogara da hannu ya miƙe. Idan a kan katifa yake a ƙasa, a mayar da shi kan gado ko a ɗaga masa shimfiɗar, domin tashi daga ƙasa ya fi wahalar da miki.

Kumburin maraina da duhun fatar da ka gani abu ne da aka saba, musamman ga wanda ƙabarsa ta riga ta sauka can, saboda ɗan jini da ruwan da suka taru a wurin aiki suna gangarowa ƙasa. Yakan ɗauki makonni kafin ya saɓe. A saya masa ɗan kamfai mai ɗan matsewa wanda zai tallafe wurin, kuma idan ya kwanta a naɗe ƙaramin tawul a sa a ƙarƙashi domin ya ɗago. Nan gaba kuma za ku ji wani tauri kamar igiya a ƙarƙashin ɗinkin, kada ku ɗauka ƙabar ce ta dawo, naman wurin ne yake haɗewa, kuma yana laushi da kansa cikin 'yan watanni. Haka nan fatar da ke ƙasan ɗinkin tana iya yin dindiris ba ya jin taɓawa sosai.

Maganar gashi kuwa, don Allah a bar ta. Ruwan zafi yana jiƙa ɗinki, yana ƙara kumburi, kuma da yake fatar wurin ba ta ji sosai, ana iya ƙona shi bai sani ba. Kada a shafa man shanu ko man zafi ko toka ko wani garin magani, kuma kada a fasa kafso a barbaɗa a kai, abin da na sha gani ana yi da kyakkyawar niyya. Mikin tiyata ba ya buƙatar komai sai tsafta da bushewa. Game da wanka, idan filastar da aka sa masa irin wadda ruwa ba ya ratsawa ce, yana iya watsa ruwa bayan kwana biyu da aiki. Idan kuma bandeji ne da filasta ta gama-gari, wadda aka fi amfani da ita a asibitocinmu, to ya wanke sauran jikinsa ya kauce wa wurin har a cire zare. Duk lokacin da bandejin ya jiƙe, ko da ruwa ko da gumi, a je asibiti mafi kusa a sauya shi, kada a bar shi ya kwana a jiƙe. Wanda zai taɓa wurin ya wanke hannu da sabulu tukuna.

Ga abubuwan da ba a jira ranar cire zare a kansu. Idan ya yi zazzaɓi, wato ma'aunin zafi ya nuna 38 ko fiye, ko wurin ya ɗauki zafi yana ƙara kumbura kullum, ko ya fara fitar da mugunya ko wari, ko jini ya ci gaba da jiƙa bandeji duk da an danne, ku koma a ranar. Haka idan ɗan marainansa ɗaya ya kumbura ya yi tauri da azababben ciwo, wannan daban yake da kumburin da ba ya ciwo. Idan kuwa cikinsa ya kumbura yana amai, ba bayan gida ba tusa, ko ya kasa fitsari, ko sharaɓarsa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi masa wuya farat ɗaya, to ko tsakar dare ne a nemi mota.

Abu na ƙarshe shi ne maganin ciwo. Tsofaffinmu suna ganin jurewa jarumtaka ce, sai su ɓoye maganin, alhali wanda yake jin zafi ba zai yi tafiya ba, ba zai yi tari yadda ya kamata ba. Ya sha farasitamol ɗinsa a kan lokaci, ƙwaya biyu ta miligiram 500, kada ya wuce sau huɗu a yini da dare, kuma kada a haɗa masa da wani maganin mura ko na ciwon jiki daga kemis ba tare da an duba ba, domin da yawansu akwai farasitamol a ciki.

Mai Awo:

Allah ya ƙara sauƙi. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, hatsi nake sayarwa, amma an yi mini wannan aikin a ɓangaren hagu, kuma abin da zan ce shi ne ku tsaya a kan Baba game da kaya. A kasuwa na ga mutane da dama, musamman 'yan dako, waɗanda suka koma ɗaukar buhu da zarar an cire musu zare, saboda sun duba fata sun ga ta haɗe, kuma ba su da wanda zai ciyar da iyalinsu idan suka zauna. Wasunsu sun zauna lafiya, wasu kuwa abin ya dawo musu, kuma aiki na biyu ya fi na farko wahala da tsada. Ni likitana wata uku ya ɗiba mini kafin in taɓa buhu, kuma ban karya ba, saboda haka a ganina Baba ya haƙura da daminar bana gaba ɗaya, ya bar wa yara.

Abin da mutane ba sa lissafawa a cikin "kaya mai nauyi" shi ne ƙananan ayyukan da aka saba da su. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Jan guga daga rijiya, jan igiyar janareta, tayar da babur da ƙafa, ɗora shi a kan tsayuwarsa ta tsakiya, tura mota, riƙe rago ko sa da ke fizge-fizge, har da ɗaga jika mai shekara uku da ya rugo da gudu, dukkansu suna matse ciki. Manomi ba ya ganin waɗannan a matsayin aiki, saboda haka sai an ambata masa su ɗaya bayan ɗaya.

Game da masai, ni abin da ya taimake ni shi ne kujerar roba da aka yanke wa tsakiya aka ɗora a kan ramin, tare da ɗan ƙaramin benci da nake ɗora ƙafa a kai. Akwai kuma mai walda da zai iya yi muku ta ƙarfe cikin yini guda. Tsugunon ba shi ya fi wuya ba, miƙewa daga tsugunon ne, don haka ko da zai ci gaba da tsugunawa, a samar masa abin kamawa a bango. Na tari kuma, ya ajiye filo kusa da shi, da ya ji tari ko atishawa na zuwa sai ya danna shi a kan wurin da hannu biyu. Kada ya riƙa danne tarin don tsoron zafi, majinar za ta zauna masa a ƙirji.

Ummu Safiyya:

Sannunku da jinya. Zan yi magana a kan abinci ne kawai, tunda ni na yi jinyar maigidana lokacin da aka yi masa nasa, kuma na fuskanci irin wannan daga manyan gida. Ƙwai da nama da kifi da wake da gyaɗa ba sa kawo mugunya. Ƙwayoyin cuta ne suke kawo ta, kuma jiki da waɗannan abincin yake gina sabon naman da zai rufe mikin. Mutumin da aka yanka aka kuma bar shi da koko da farin tuwo kaɗai, warkewarsa za ta yi nawa. Sai dai ba na ba ka shawarar ka yi musu da Mama da Gwaggo gaba da gaba, domin su ma tausayinsa suke ji. Ka tafi da ɗayarsu asibiti ranar sauya bandeji, ka yi tambayar a gabanta, ta ji daga bakin nas. Abin da ɗa ya faɗa aka ƙi, idan mai farin kaya ya faɗa sai a karɓa.

Taurin bayan gida shi ya kamata ku fi mayar da hankali a kai a wannan makon, saboda yunƙurin da yake yi a masai ya fi ɗaukar bokiti matse wurin. Ya yawaita shan ruwa, ballantana a wannan zafin na bazara, har sai fitsarinsa ya yi haske. A yi masa miyar kuɓewa ɗanya ko ta ayoyo ko alayyahu, kwaɗon zogale ko rama, faten wake, da gwanda da kankana da mangwaro tunda lokacinsa ne. Lemo kuma ya ci da totuwarsa, kada a matse ruwan a zubar da sauran. A rage masa burodi da farar shinkafa da taliya na ɗan lokaci. Wake yana sa wasu kumburin ciki, saboda haka a fara da kaɗan.

Idan an yi haka kwana biyu bai samu sauƙi ba, akwai maganin ruwa mai laushin bayan gida da ake kira laktulos, mu shi likita ya rubuta mana. Amma a guje wa jiƙe-jiƙen wankin ciki na masu talla a mota da na 'yan magori, waɗanda ke sa mutum murɗa da gudawa, domin tsoho yana iya rasa ruwan jikinsa cikin dare ɗaya.

Likitan Karkara:

Allah ya ba shi lafiya. Bayanin Hajiya ya wadatar a kan miki da alamomin haɗari, ba sai na maimaita ba. Zan tsaya a kan batun lokaci, domin na ga Malam Mai Awo ya kawo wata uku, kuma ba na so a ɗauke shi a matsayin doka ga kowa, duk da cewa ya kyauta da ya bi maganar likitansa.

Aikin ƙabar matsematsi yana cikin ayyukan tiyata da aka fi yi a duniya, fiye da miliyan 20 a shekara, kuma kusan namiji ɗaya cikin huɗu zai gamu da ita a rayuwarsa, don haka an yi nazari mai yawa a kansa. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin ƙaba ta duniya, HerniaSurge, ta fitar a 2018 sun ba da shawarar cewa majiyyaci ya koma harkokinsa na yau da kullum da zarar ya ji zai iya ba tare da ciwo ba, saboda ba a samu hujjar cewa motsi da wuri yana dawo da ƙaba ba. Abin da ya fi dawo da ita shi ne yanayin aikin da aka yi, da raunin naman mutum, da shan sigari, da ƙwayoyin cuta idan suka shiga mikin. Duk da haka yawancin asibitoci suna cewa a bar ɗaukar kaya mai nauyi na mako huɗu zuwa shida, kuma ni a kan Baba mako shida zan tsaya. Dalilina shi ne ƙabarsa babba ce wadda ta daɗe har ta sauka maraina, ramin da aka toshe ya fi faɗi, yana da tari, kuma nauyin da manominmu yake nufi, wato buhun taki mai kilo 50 ko na masara mai kilo 100, ya wuce abin da ake nufi idan an ce harkokin yau da kullum.

Ya kamata a fahimtar da shi abin da ragar take yi. Ita ba ta riƙe ciki da ƙarfinta kaɗai, naman jiki ne yake tsirowa ta cikin ƙofofinta har su zama abu ɗaya, kamar yadda siminti yake kama rodi, kuma wannan yana ɗaukar makonni bayan fata ta riga ta haɗe. Cire zare shaida ce a kan fata kawai. Wanda aka yi wa aikin da zare zalla ba raga, kamar yadda har yanzu ake yi a wurare da yawa saboda tsada ko rashin kayan aiki, shi ne likita yakan tsawaita wa lokaci, kuma ina kyautata zaton irin nasa ke nan Malam Mai Awo.

Idan aka bi haka, ba sai ya rasa damina ba. Bayan mako biyu, in miki lafiya lau, yana iya zuwa gona a mota ya zauna a inuwa ya nuna wa yara abin da za su yi, kuma hakan zai kwantar masa da hankali fiye da a tsare shi a ɗaki. A mako na uku da na huɗu ya yi yawo a cikin gonar, ya yi ayyukan da ba sa buƙatar yunƙuri. Bayan mako shida ya fara riƙe fartanya na ɗan lokaci yana ƙarawa sannu a hankali, amma huɗa da shanu da ɗaukar buhu su zama na ƙarshe da zai koma wa. Ma'auninsa shi ne duk aikin da zai sa ya riƙe numfashi ya yi nishi, ko ya ji wurin ya ja, to lokacinsa bai yi ba. Babur kuma, a bar shi aƙalla mako biyu ko da goya shi za a yi, in hanyar gonar mai gargada ce a ƙara, kuma ya zama wani ne zai tayar masa. Mota ba zai tuƙa ba sai ya iya taka birki da ƙarfi farat ɗaya bai ji zafi ba. Kusantar iyali ma haka take, galibi bayan kamar mako biyu, idan ciwon ya lafa.

Ka duba ledar magungunansa. Idan akwai tiramadol, to yana cikin abin da ya ƙulle masa ciki, kuma zuwa yanzu mai yiwuwa farasitamol ya ishe shi. Idan akwai dikulofenak ko ibufurofen, a sha bayan an ci abinci na 'yan kwanaki kawai, kuma ba a ba mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Kada a sayo masa maganin tari mai kodin a ɓoye, wanda gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da shi tun 2018, domin shi ma yana ƙulle ciki kuma ba ya warkar da sanadin tarin. Tarin da ya wuce mako biyu ana gwada majina a kansa saboda tarin fuka, gwajin kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke kula da cutar. Sigari kuwa, in har yanzu yana sha, wannan ce damar da za ku roƙe shi ya bari, saboda tana rage jinin da ke kai wa miki. In yana da ciwon sukari, a riƙa aunawa, domin sukari mai yawa yana hana miki haɗewa.

Ɗan Manomi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Baba bayanin Likita, kuma maganar zuwa gona bayan mako biyu ta sa ya sauko daga batun babur. Ya fara fitowa tsakar gida, an kuma samo kujerar. A cikin ledar akwai tiramadol kamar yadda aka yi zato. Sauran tambayoyi biyu suka rage. Na farko, ya ƙi yin salla a zaune, yana tilasta wa kansa ruku'u da sujada, ina ganin yadda fuskarsa take sauyawa idan zai ɗago. Na biyu, da na tambaye shi game da fitsari, sai ya ce tun kafin aikin yakan daɗe a tsugune kafin ya fito, yana fita siriri, kuma yakan tashi sau da yawa cikin dare. Ko wannan yana da alaƙa da ƙabar?

Malam Na Zaure:

Allah ya ba Baba lafiya, ya saka masa a kan kwaɗayinsa ga ibada. A tuna masa da ladabi cewa sauƙin da shari'a ta yi wa mara lafiya ba ragin lada ba ne. Sahabi Imrana ɗan Husaini ya yi fama da basir, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da salla, aka umarce shi ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance a gefensa, kuma hadisin yana cikin Bukhari. Tunda Baba yana iya tsayuwa, ya yi kabbara da karatu a tsaye, sannan abin da ya gagare shi na ruku'u da sujada ya yi nuni, ya zauna a kujera domin sujada, ya sunkuyar da kai fiye da yadda ya yi a ruku'u. Ranar da ya ji zai iya kai goshinsa ƙasa ba tare da cutuwa ba, sai ya koma yadda ya saba. Alwala ba ta shafi wurin ba. In wanka ya wajaba a kansa alhali bandeji na nan, ya wanke sauran jiki ya yi shafa a kan bandejin da danshin hannu. Idan bai gamsu da maganar ɗansa ba, limamin unguwa ya shigo gaishe shi ya faɗa masa. Juma'a kuma, a makon farko da na biyu yana da uzuri, saboda turereniya a ƙofar masallaci.

Likitan Karkara:

Abin da Malam ya faɗa ya dace da ɓangaren lafiya. Sujada ba za ta yaga aikin ba, amma babu dalilin da zai sa ya azabtar da kansa, kuma yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu zafin yakan ragu har mutum ya koma sallarsa daidai.

Maganar fitsarin tana da muhimmanci, kuma ka kyauta da ka tambaye shi, domin iyayenmu ba sa faɗin irin wannan da kansu. Alamomin da ya ambata sun yi kama da kumburin furostet, wata ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji wadda hanyar fitsari ta ratsa ta cikinta, kuma tana girma ga yawancin maza idan shekaru suka ja. Mutumin da yake yunƙuri duk lokacin da zai yi fitsari yana matsa wa wurin aikin sau da yawa a kowace rana, saboda haka ba a gama da ƙabar ba sai an duba wannan. Ranar cire zare ka nemi ganin likita, kada ka tsaya a ɗakin wankin miki kawai, ka gaya masa yadda ka rubuta a nan, tare da batun tarin. Akwai ƙwayoyin da ake sha sau ɗaya a rana da ke sassauta hanyar, amma sai an duba shi an auna hawan jininsa kafin a rubuta, saboda suna iya sa jiri idan mutum ya miƙe.

Kafin ranar, ya daina tiramadol ɗin idan farasitamol yana riƙe ciwon, ya kuma guji magungunan mura masu sa barci, domin su ma suna iya tsayar da fitsari ga mai irin wannan matsalar. Ya sha yawancin ruwansa da rana, ya rage shayi da daddare, kuma a ajiye masa fitila da abin fitsari kusa da gado saboda kada ya yi tuntuɓe a duhu. Idan ya kai awa shida zuwa takwas yana jin fitsari ya ƙi fita, mararsa ta cika tana ciwo, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo da fatan zai ɓalle, a kai shi asibiti a lokacin a sa masa robar fitsari.